Daga Bakin Shago: Mai jitar da duniya ta ji, ba ta san sunansa ba

Na san da yawanku kuna jiran in ci gaba da maganar kuɗin fito a kan iyaka da muka faro makon jiya. Ku yi mini haƙuri, za mu koma kanta. Yau labarin wani makaɗin jita Ba'amurke na zo da shi, kuma kafin wani ya ce mai shagon nan ya fara ruɗewa, bari in faɗi abin da ya kai ni.

Ina da yaro, shi ne na biyu a wajenmu, shekararsa 19. Shi ke taya ni zama a shagon yadi a nan Kumasi. Kusan wata huɗu da suka wuce wani maƙwabcina a kasuwa ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, ka kuwa san in kun rufe shago ba gida yaronka ke nufa ba?" Gabana ya faɗi, don kun san abin da uba ke fara kawowa a ransa. Ashe wani situdiyo yake zuwa inda ake ɗaukar waƙoƙi, yana kaɗa musu jita. Shekara biyu yana koyo a ɓoye wurin wani abokinsa, ni ina nan ina auna yadi ban sani ba.

Da dare na kira shi. Na ce, "Kai, a gidanmu ba a gaji kiɗa ba. Kakanka goro ya sani, ni yadi na sani."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni ba roƙo nake yi ba. Aiki ake ba ni, in yi, a biya ni, kamar tela."

Ban ba shi amsa ba, don a daren nan ba ni da ita. Mamansa ce ta shiga tsakani, aka bar maganar a kan cewa ba zai fasa zuwa shago ba, kuma sallah ba za ta wuce shi a situdiyo ba.

Bayan 'yan makonni sai ga shi ya dawo rai a ɓace. Wata waƙa da ya kaɗa wa jita ta shiga gari, ana jin ta a motocin haya da wayoyin matasa. Sunan mawaƙin kowa ya sani. Nasa babu ko a ƙarshen bidiyo, kuma rabin ɗan kuɗin da aka yi masa alkawari har ranar bai shigo hannunsa ba. Ya ce ya gama yi wa wasu bauta, zai bar shago ya fara fitar da nasa waƙoƙin, a san shi shi ma. Don ya kafa mini hujja sai ya kunna mini wani fim na tarihi a kwamfuta mai suna The Wrecking Crew, yana fassara mini inda Turancin ya yi mini sauri. So yake in ga yadda aka ci da gumin makaɗa a Amurka. Na gani. Amma na ga wani abin daban da shi bai tsaya a kai ba, kuma shi ya sa daga baya na bi diddigin mutumin da fim ɗin ya fi tsayawa a kansa.

Sunansa Tommy Tedesco. An haife shi a 1930 a garin Niyagara Fols da ke jihar Niyok, daf da iyakar Kanada, cikin zuriyar Italiyawa da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Kun ga ke nan shi ma ɗan zango ne irin nasu na can. A farkon shekarun 1950 ya tattara ya koma Los Anjelis a jihar Kalifoniya, inda kamfanonin fim da na faifai suke, yana neman inda zai sa hannu. Ya fi shekara talatin yana wannan aiki, har mujallar Guitar Player ta kira shi makaɗin jitar da aka fi ɗauka a faifai a tarihi. Duk da haka, in ka tare mutum goma a titin Amurka ka ambaci sunansa, da wuya ka sami wanda zai ɗaga kai.

Ga yadda sana'ar take. A shekarun 1960 kiɗan rok ya kama matasan Amurka, kamfanoni suna fitar da faifai kamar ana toya ƙosai. Samarin da ake sa hotonsu a bangon faifan suna da murya da farin jini, amma da yawansu hannunsu bai nuna a kiɗa ba. Hayar situdiyo kuma da awa ake biya. In ka bar yaro ɗan koyo ya yi ta maimaita waƙa ɗaya har sau talatin, kuɗinka ne ke ƙonewa. Sai masu shirya faifai suka riƙa ɗauko ƙwararrun makaɗa na haya. A ba su takardar kiɗa, su duba, su kaɗa, cikin zama ɗaya na awa uku an gama waƙa uku ko huɗu. Mawaƙi ya ɗora muryarsa, a buga faifai da sunan ƙungiyarsa, su kuma makaɗan su naɗe kayansu su wuce situdiyo na gaba. A rana ɗaya mutum kan yi zama uku, wani lokaci huɗu, daga safe har tsakar dare.

Waɗanda aka fi kira a Los Anjelis ba su da yawa, 'yan gommai ne, kullum su ne dai ake haɗuwa. Akwai mai ganga Hal Blaine, wanda ya kaɗa a waƙoƙin da suka ci kyautar Grammy ta faifan shekara sau shida a jere, daga 1966 zuwa 1971. Akwai Carol Kaye, mace a tsakiyar maza, mai kaɗa jitar nan mai kaurin murya. Akwai Glen Campbell, wanda daga baya ya fito ya zama tauraro da sunansa. Hal Blaine ne ya yaɗa laƙabin da aka san su da shi, mai ma'anar 'yan rusau. A cewarsa, tsofaffin makaɗa masu zuwa aiki da kwat da nakatai ne suka riƙa cewa waɗannan samari masu wandon jins za su rusa sana'ar. Carol Kaye kuwa ta sha musanta cewa an taɓa kiransu haka a lokacin. Ko a nan kun ga halin abokan kasuwa, shekara hamsin ta wuce ana gardamar wa ya faɗi me.

Tedesco yana cikin na gaba-gaba a wannan taro. Jitarsa ce a kiɗan buɗe shirin kaboyi na talabijin mai suna Bonanza, wanda aka fara a 1959, haka kuma a na Batman na 1966. Ya kaɗa a faya-fayan Beach Boys da Mamas and the Papas da Monkees, ya yi aiki da Frank Sinatra, yana cikin makaɗan shirin talabijin na 1968 da ya dawo da Elvis Presley idon duniya. A finafinai kuma akwai hannunsa a kiɗan The Godfather na 1972 da Jaws na 1975. Mu da muka yi samartaka a gidajen kallon bidiyo, mun zauna a benci mun ji hannun mutumin nan ba mu sani ba.

Wannan fa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wa bai san Mamman Shata ba? To a cikinmu mutum nawa ne zai lissafa masu kalangun da suka tsaya a bayansa shekara da shekaru? A finafinanmu na Hausa ma jarumi ne ke motsa baki, muryar ta wani ce, kiɗan kuma na wani yaro ne da ya kwana a gaban fiyano a situdiyo. Da na faɗa wa ɗana haka sai ya ce, "To Baba, ai shi nake faɗa, zalunci ne." Na ce ya bari mu ƙarasa.

Abin da ni na tsaya a kai shi ne, me ya sa aka yi ta kiran mutum ɗaya har shekara talatin, a garin da makaɗan jita suka fi kudan kasuwa yawa?

Na farko, ya iya karatun kiɗa. Turawa suna rubuta kiɗa a takarda, a kan layuka biyar, da alamomin da ke nuna wace murya za a taɓa da tsawon da za ta yi. Makaɗan rok da yawa da kunne suke koyo, in ka ajiye musu takarda sai su tsaya kallonka. Tedesco ya yi suna wajen karanta takardar da bai taɓa gani ba ya kaɗa ta nan take. A aikin fim wannan shi ne komai, domin makaɗa hamsin ko fiye ne ke zaune, kowa ana biyansa, in mutum ɗaya ya yi kuskure sai a koma farko gaba ɗaya. Wanda ba ya ɓata wa mai kuɗi lokaci, shi ake nema gobe.

Na biyu, ba ya cewa babu. Mu 'yan kasuwa mun san wannan, in mai saye ya tambayi abin da ba ka da shi, cewa kake ya zauna ya sha ruwa, ka aika yaro shagon maƙwabci. Shi kuma in aka ce fim ɗin yana son kiɗan Italiya, sai ya ɗauko mandolin. In na Girka ne, ga buzuki. In na Rasha ne, ga balalaika. In na ƙauyen Amurka ne, ga banjo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da yadda ake saita tsirkiyarsa, kuma koyon kowanne aikin shekaru ne. Dabarar da ya yi ita ce, ya saita su duka irin saitin jita, yadda yatsunsa ba sai sun sake koyon hanya ba. Kamar a ce mutum ya ɗauki garaya da gurmi da molo ya ɗaure su ɗauri ɗaya. Masu tsantseni a harkar sun ga kamar ha'inci ne. Shi bai ɓoye ba, yana faɗa a fili har yana koya wa ɗalibai. Ƙa'idar ƙungiyarsu kuma ta ce in makaɗi ya kaɗa kayan kiɗa fiye da ɗaya a zama guda, akwai ƙarin kuɗi. To ka ji inda lissafin yake.

A cikin fim ɗin akwai inda aka nuna shi yana ba ɗalibai dariya, yana nuna musu yadda ake kiransa a ce ana son kiɗan wata ƙasa ta masu jin Sifaniyanci, gobe a ce na wata ce daban, shi kuwa salo ɗaya yake kaɗa musu, kowa ya tafi yana murna. Na yi dariya har da hawaye, don na tuna wani yadi da nake sayarwa, wanda sunansa ke canjawa gwargwadon garin da mai saye ya fito. Amma na gaya wa yaron, a nan akwai iyaka. Sauƙaƙa wa kanka aiki daban, sayar wa mutum abin da ba shi ba ne daban. Wanda ya biya Tedesco sautin da yake so ya nema, kuma ya same shi.

Na uku, ya san na wa ne faifan. Makaɗi ne da ya taso da son kiɗan jaz mai wuya, kuma yana da hannun da zai kaɗa shi. Amma yawancin abin da ake biyansa ya kaɗa abu ne mai sauƙi, wanda ɗalibin wata shida zai iya. Bai ɗauki wannan a matsayin raini ba. In mai aiki ya ce ga abin da yake so, shi ake ba shi, son ranka ka ajiye sai ka koma gida. Tela nawa muka sani a zango da gwaninta ta hana su ciniki, ka kai musu ɗinki ka faɗi yadda kake so, su yi maka yadda suke so?

Sai na huɗu, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Mutanen nan ba a sa sunansu a bangon faifai ba, amma an sa shi a takardar aiki. Suna da ƙungiyar makaɗa ta Amurka, reshenta na Los Anjelis shi ne na 47. Duk zaman da aka yi bisa ƙa'ida akwai takardar yarjejeniya, da kwanan wata, da sunan kowane makaɗi, da awannin da ya yi, da abin da za a biya shi. Akwai mafi ƙarancin farashi da ba a sauka ƙasa da shi, akwai kuɗin ƙarin lokaci, akwai asusun fansho. Waɗanda suka yi fice ma ninkin farashin suke karɓa. Shekaru bayan haka, da masu bincike suka tashi gano wa ya kaɗa me, waɗannan takardun suka koma suka tono.

Shi kansa Tedesco mutumin lissafi ne. Ya yi shekaru yana rubuta fili a mujallar Guitar Player mai suna Studio Log, kamar dai yadda nake ɓata muku lokaci a nan. A ciki yakan kawo aikin da ya yi, da wanda ya jagoranci zaman, da kayan kiɗan da ya taɓa, da awa nawa aka yi, da nawa aka biya shi, sannan ya ba da labarin yadda ta kaya. Makaɗi ne ke buɗe littafin cinikinsa a gaban duniya don na baya su san farashin guminsu. Mu a nan ko ɗan cikinka ba ka son ya san nawa ka sari kaya.

A nan na dakatar da fim ɗin na ce wa ɗana, "Kai nawa aka ce za a ba ka?" Ya faɗa. Na ce, "A ina aka rubuta?" Ya yi shiru. Na ce, "Wa ya shaida?" Ya ce ai abokinsa ne ya kai shi, ba a yin haka tsakanin abokai. Na ce to ba rashin suna ne ya cuce ka ba, rashin takarda ne.

Ban faɗi wannan don na fi shi wayo ba. A gidanmu na gani. Mahaifina, Allah ya ƙara masa lafiya, yanzu ya haura 80. Ya zo Kumasi yana saurayi daga ƙasar Katsina, ya yi fiye da shekara talatin a ƙarƙashin wani maigida mai fataucin goro. Aikinsa zaɓe da ɗauri. Ya ware fari da ja, ya fitar da mai sankara, ya jera ganye, ya ɗaure huhun goro yadda zai yi doguwar tafiya ya isa Arewa da ɗanyensa. A can in kaya suka sauka cewa ake goron Alhaji wane ya iso, har ana rububi. Hannun da ya ɗaure ba wanda ya tambaya, kuma mahaifina bai taɓa damuwa ba. Abin da ya dame shi ya zo ne ranar da maigidan ya rasu. Akwai kuɗin da ya riƙa bari a hannunsa ajiya shekara da shekaru, bisa amana, ba rubutu ba shaida. Magada suka ce ba su ga komai a littafi ba. Ba zan ce ƙarya suka yi ba, don da gaske babu shi a littafi. Haka ya fito da tabarmarsa da butarsa. Ni ina da shekara 15 a lokacin, kuma abin da ya fitar da ni daga makaranta ya kai ni kasuwa ke nan.

Mu koma Los Anjelis, don kasuwar Tedesco ma ba ta dawwama ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 matasa masu sauraro suka fara ƙyamar ƙungiyar da ba ita ke kaɗa kiɗanta ba. Monkees da kansu sun yi rigima da masu kamfani a 1967 don a bar su su kaɗa nasu. Sababbin ƙungiyoyi suka zo da hannunsu a nune. Na'urorin ɗaukar sauti suka ci gaba, ana iya ɗaukar kowane kayan kiɗa daban a gyara kuskure, ba sai an tara ƙwararru a ɗaki ɗaya ba. Samari irin su Larry Carlton da Lee Ritenour suka taso da sabon salo. Daga baya kuma na'urori masu kwaikwayon ganga da sauran kayan kiɗa suka rage wa makaɗa aiki. Situdiyon Gold Star, inda aka ɗauki da yawa daga manyan waƙoƙin zamanin, an rufe shi a 1984.

Akwai wani tsohon barkwanci na mutanen Holiwud da ake yawan kawowa da sunansa, cewa rayuwar ɗan haya hawa huɗu ce. Da farko a ce, wane ne wannan? Sai a ce, a nemo mana shi. Sai a ce, a nemo mana yaro irinsa. Daga ƙarshe a koma a ce, wane ne wannan? Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san hawan da yake kai, ko bai faɗa ba.

Abin da ya cece shi, bai tsaya a ƙofar da aka rufe yana ƙorafi ba. Da aikin faifan rok ya ja baya, sai ya ƙara ƙarfi a kiɗan fim da talabijin, inda karatun takarda da tarin kayan kiɗansa suka fi tsada. Ya rubuta littattafan koyon jita, ya koyar a wata makarantar jita a Holiwud, ya riƙe filinsa na mujalla. Har ya taɓa fitowa a wani shirin barkwanci na talabijin mai suna The Gong Show, ƙaton mutum sanye da rigar 'yan matan rawa, yana waƙar yi wa kansa ba'a a kan yadda kasuwarsa ta faɗi. Wannan kam na ce wa yaron ko a mafarki kar in gani. Amma na fahimci abin da ke ciki, mutum ne da bai bar girman jiya ya hana shi cin abincin yau ba.

A 1992 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, wadda ta kawo ƙarshen aikinsa na situdiyo. Shekara ɗaya bayan haka ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa. Ya rasu a watan Nuwamba na 1997 sakamakon ciwon dajin huhu, yana da shekara 67. Sai a 2007, shekara goma bayan rasuwarsa, aka karrama shi da abokan aikinsa a gidan tarihin makaɗa da ke birnin Nashbil.

Fim ɗin bai ɓoye abin da sana'ar ta ci musu ba. Mutum ya fita yara suna barci, ya dawo suna barci. Ba ka isa ka ƙi amsa kira ba, don in ka ƙi yau, gobe wani ne a kujerarka. Wasu aurensu ya mutu a kan haka. Da aka zo wurin nan ban kalli ɗana ba, shi ma bai kalle ni ba. Shekarun da nake bin hanyar Lome da Kwatano sarin kaya, sau nawa na yi sallah a gida?

To wa ya yi fim ɗin? Ɗansa ne, Denny Tedesco. Da aka gano ciwon mahaifinsa, sai ya ga in bai yi sauri ba labarin zai bi shi kabari. A 1996 ya tara uban da tsofaffin abokan aikinsa a teburi ɗaya ya kunna kyamara, suka yi ta hira suna tsokanar juna. Uban bai ga ƙarshen aikin ba. An fara nuna fim ɗin a bukukuwan finafinai a 2008, amma ya kasa fita kasuwa, saboda akwai waƙoƙi fiye da ɗari a ciki kuma kowace sai an biya masu haƙƙinta. Ku duba fa, waƙoƙin da ubansa ya kaɗa da hannunsa, sai da ɗan ya biya kafin ya sa su a labarin uban. Ya yi ta neman gudummawa, har a 2013 jama'a suka tara masa fiye da dala 300,000 ta shafin Kickstarter. Fim ɗin ya fita sinima a 2015, kusan shekara 19 da fara shi. Da yaron nan ya yi sanyin jiki, da ni da ɗana ba mu zauna a Kumasi muna gardama a kan ubansa ba.

Yanzu ga inda muka tsaya a gidana, don kar ku ce na kawo labari na gudu. Ban sa wa kiɗan nan albarka da zuciya ɗaya ba, kuma ban ɓoye masa ba. Har yanzu ina tunanin irin wuraren da sana'ar ke kai mutum da irin mutanen da ke ciki. Amma na ga hani ƙarfi da yaji ɓoyo kawai zai ƙara, shekara biyu ta riga ta koya mini. Sai na kafa masa sharuɗɗa. Shago yana nan, ba a sakin na hannu. Zai nemi mai koya masa karatun kiɗa a takarda, ni zan biya. Ba zai ƙara taɓa tsirkiya a situdiyon kowa ba sai an yi farashi a gaban shaida, ko da saƙon waya ne a rubuce, kuma a ba shi rabi kafin ya fara. Waƙar da ba zai iya kunnawa a gaban mamansa ba, ba zai kaɗa mata ba. Na kuma saya masa littafi mai bango mai ƙarfi irin nawa na bashi: kwanan wata, sunan mai aiki, awa nawa, nawa aka yi, nawa aka bayar, nawa ya rage. Maganar fitar da nasa waƙoƙin, na ce in littafin ya cika mu sake zama. Bai ji daɗi ba. Har yanzu yana ganin sunan ne babba, ni ina ganin takardar ce, kuma ba mamaki kowannenmu yana da rabin gaskiya. Ragowar kuɗinsa na waccan waƙa dai har yau ba a ba shi ba.

Wani abu kuma ya faru da ban shirya ba. Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci na shigo gida na tarar da shi zaune a gaban kakansa, ya jingina waya a jikin buta yana ɗauka. Ina jin tsohon yana cewa, "Kai ɗan nan, wa zai saurari wannan?" Yaron ya ce, "Ni zan saurara, Kaka. Yaya ake gane mai sankara tun ba a fasa ba?" Sai ga mutumin da kwanakin nan yake manta ko ya ci abincin rana yana lissafo direbobin manyan motoci da sunayensu, da garuruwan da ake kwana, da shekarar da ruwa ya cinye hanya kaya suka lalace. Ni da na haifu a gidan ban taɓa jin rabin wannan ba, don ban taɓa tambaya ba. Yanzu kowace Juma'a suke zama, an yi shida ke nan.

Ku da kuke da tsofaffi a gida, a Kumasi ne ko Yawunde ko Njamena, waɗanda suka yi dako da ɗauri da jiran shagon wani har ƙarfinsu ya ƙare, wayar da ke hannun yaranku ta isa. Ku da kuke da yara a ƙarƙashinku kuma, ku rubuta abin da ke tsakaninku tun kuna da rai, ku sa shaida, kar ku bar wa magada abin da ba su sani ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma maganar kuɗin fito, akwai wasiƙu biyu da suka zo a kanta da ban amsa ba. Allah ya ba da kasuwa, ya shirya mana zuriya.